Ga Gammo, Ina Kayan?

Jama'a, yau wata 'yar kalma ce ta Turanci muka kawo muku. Haruffanta 6 ne kacal, amma sai da ta zaunar da mu kwana uku muna juya ta kamar waina. Watakila wani ya ce, "Ina ruwanmu da kalmar Turawa, alhali kuwa tamu ta gida ba mu gama saninta ba?" To, mai wannan magana ya yi haƙuri ya biyo mu. Ko da yake daga nesa za mu ɗauko zancen, a ƙofar gida za mu sauke shi.

Ga yadda aka yi. Akwai wani ɗan ƙanenmu da ke zaune hannunmu a nan Dinawa, cikin ƙasar Wurno, yana karatun sakandare. Ba marmari ya kawo shi ba. Ƙauyensu yana can wajen Goronyo, gab da daji, kuma tun da 'yan bindiga suka matsa wa wannan sashe ubansa ya ga hankalinsa ya fi kwanciya in yaron ya yi nisa. Ran nan da dare, an idar da sallar lisha, muna zaune tsakar gida muna shan iska, sai ga shi da littafi a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, wata kalma ce ta gagare ni. Na duba ƙamus na sami fassara, amma har yanzu kaina bai ɗauka ba."

Muka jawo fitila muka duba. Kalmar ita ce wreath, wadda harafinta na fari rubuta shi kaɗai ake yi, ba a furta shi. Ƙamus ya ce ganye ne ko furanni da aka murɗa aka yi da'ira da su, don a aza wa mutum a ka, ko a rataya a ƙofa, ko a ajiye bisa kabari. In an ƙara mata harafi ɗaya a ƙarshe sai ta zama aiki, watau zagaye abu da irin wannan da'ira. A gefen shafin kuwa ga hoton wani mutum mai dogon hanci, an kewaye kansa da ganye.

Yaro ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, Baffa, littafin ya ce wai girmamawa ce. Mu nan kuwa in muka ga babban mutum yana yawo da ganye a ka, ai sai mu ce a kai shi wurin mai magani."

Tsohuwarmu, watau kakarsa, tana gefe bisa tabarma tana jan carbi. Ta ce, "Maigidana, miƙo in ga abin da yah hana ka kwana." Ya miƙa mata. Ta kai hoton kusa da fitila, ta dube shi, ta sake dubawa, sa'an nan ta ce, "Wanga ai gammo na. To, ga gammo, ina kayan?"

Duk muka fashe da dariya, har yaran da suka fara gyangyaɗi suka farka. Amma da muka kwanta sai maganar ta ƙi barinmu. Kashegari muka shiga tono, muka ga ashe tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga ƙamus isa gindin zancen.

Masana asalin kalmomi sun ce a tsohon Turanci, na shekaru fiye da 1000 da suka wuce, tushen wannan kalma ba ruwansa da fure ko ganye. Ma'anarsa murɗawa. Daga wannan tushe ne suka sami kalmar da suke faɗin mutsu-mutsun maciji da murƙususun mai ciwon ciki, kuma har sunan wuyan hannu a bakinsu ɗan gidan ne, tun da shi ne gaɓar da ke murɗawa. To, mene ne gammo in ba tsumma ko ciyawa ko ganye da aka murɗa aka yi da'ira da shi ba? Mu ma in maciji ya naɗe jikinsa ya kwanta, cewa muke yi ya yi gammo. Ku dubi ikon Allah. Mutanen da teku da hamada suka raba, ba su san labarin juna ba, suka dubi maciji, suka dubi abin da ake azawa a ka, suka ga abu guda.

Yaya aka yi kuwa gammo ya zama abin girma wurinsu? Ba Ingilishi suka fara ba, gado suka yi daga Yunanawa da Rumawa. Yunanawa suna da wani babban wasa da sukan yi bayan kowace shekara 4 a wani wuri wai shi Olimfiya, wanda ake lissafin farkonsa daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ana tsere, ana kokawa, ana dambe, ana sukuwa. Wanda ya yi nasara ba a miƙa masa doki ko riga a filin. Reshen zaitun ake yankowa, a lanƙwasa, a aza masa a ka, shi ke nan ya koma garinsu ana yi masa guɗa. Har a shekarar 2004, da aka yi wasan Olimfik na zamani a birnin Atina, sai da aka tuna da wannan al'ada, aka aza wa waɗanda suka ci lambobi ganyen zaitun.

Rumawa kuma suka kai abin fagen fama. In sarkin yaƙi ya ci nasara babba, sai a shigo da shi birni bisa keken doki, kansa kewaye da ganyen wani itace mai ƙamshi wanda ba ya kaɗewa rani da damina, wanda Turawa ke kira loral. Mai dogon hancin nan na littafin yaro shi ne Yuliyas Kaisar, wanda aka kashe a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Majalisar Rum ta ba shi izini ya riƙa sa nasa kullum, kuma masu tarihinsu sun ce cikin dukan girman da aka yi masa babu wanda ya kai wannan yi masa daɗi, domin yana da sanƙo, ganyen kuwa yana rufa masa asiri. Da muka gaya wa tsohuwa haka ta ce ai da ya zo nan da an saya masa hula.

Daga jarumawa abin ya gangaro kan mawaƙa. A shekarar 1341 aka aza wa wani mawaƙin Italiya mai suna Petrarca irin wannan ganye a birnin Rum, gaban jama'a. A shekarar 1668 kuma Sarkin Ingila ya naɗa John Dryden mawaƙin fada, aka ba muƙamin suna daga sunan itacen nan, kamar dai yadda sarakunanmu ke naɗa Sarkin Taushi. Daga nan abin ya sake gangarawa, ya isa kabari. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka gina wani dutsen tunawa a Landan, aka buɗe shi ran 11 ga Nuwamba, 1920, kowace shekara manyansu kan je su ajiye da'irar furanni a gindinsa. Wannan al'ada ta biyo Turawa har ƙasarmu, shi ya sa kuke ganin shugabanni suna ajiye furanni a Abuja ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda aka zaɓa domin ran nan ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Marubutansu kuwa ba su bar kalmar nan bisa kawunan mutane kaɗai ba. Suka aro ta suka ba hayaƙi da ke murɗawa bisa rufin ɗaki, da hazo da ke kwanciya a wuyan dutse, da tsiro mai yaɗo da ke hawa ginshiƙi, har da murmushi in ya game fuska. Da muka jera misalan sai muka lura da abu biyu. Na ɗaya, kusan kullum abu mai taushi ne ke zagaye abu mai ƙarfi, yana yi masa ado, ba ya matse shi. Na biyu, abin ba mai daɗewa ba ne. Hayaƙi kan watse, hazo kan yaye, ganye kan bushe. In mayaƙa suka zagaye gari ba wannan kalma Bature zai ɗauko ba, yana da wata dabam. Saboda haka duk inda mai karatu ya gamu da ita, ya san marubucin yana so ya sa masa ƙawa a ido, tare da ɗan tunin cewa ƙawar ba ta zama.

Kwana na biyu muka tari liman bayan azahar, muka ce, "Allah ya gafarta malam, Larabawa fa, me suke ce da wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai iklili ke nan." Ya tuna mana cewa cikin masaukai 28 na wata da malaman hisabi ke ƙirgawa akwai mai wannan suna, kuma cikin sharhohin Muhtasar na Halilu akwai na wani malamin Andalus, Almawwaƙ, wanda ya rasu a 1492, mai suna Attaju wal Iklil. Ashe kalmar ta daɗe da shigowa zaurukanmu cikin gafaka, ba mu dai tambaye ta daga ina take ba.

To, mu dawo gida. Hausa ba ta yi talaucin kalmomin zagayawa ba, sai dai kowace da aikinta. Shinge da danga suna kewaye gona da gida. Ganuwa tana kewaye gari. Zobe yana zagaye yatsa, kambu yana zagaye damtse, kambi yana hawa ka. Mayafi yana lulluɓewa. In wata ya fito da da'irar haske kewaye da shi, tsofaffi kan ce ya yi sansani. In mafarauta suka zagaye nama, ko mayaƙa suka zagaye gari, sai mu ce sun yi masa zobe, ko sun yi masa ƙawanya. Amma cikinsu duka wadda ta fi kusa da ta Turawan nan, wadda ta haɗa murɗawa da ka da girma, ita ce naɗi. Muna naɗe tabarma, muna naɗe ƙafa, muna naɗe hannu, amma in aka ce "an yi naɗi" ba a ƙara kome ba, ko yaro ya san rawani ake nufi.

Nan ne fa hanya ta rabu, kuma nan ne tambayar tsohuwa ta sami wurin zama. Ganyen Turawa bayan an gama aiki ake aza shi. Mai tsere ya iso, mayaƙi ya dawo, mawaƙi ya rubuta, mamaci ya cika kwanansa, sa'an nan a ce ga naka. Lada ne, ba a bin mai shi bashin kome. Rawani kuwa kafin a fara aiki ake naɗa shi. Duk wanda ya taɓa halartar naɗi ya ga yadda ake yi. Mutum ya gurfana, a yafa masa alkyabba, a bi kansa da ƙyalle, sa'an nan kafin ya miƙe a karanta masa abin da ke wuyansa: ka riƙe amana, ka ji tausayin talakawa, ka tsare iyakar ƙasarka, kada ka ci haƙƙin maraya. Makaɗa suna waje suna zuga shi, amma a ciki nauyi ake lissafa masa. Watau rawani shi ne gammo na gaskiya. Ba don ado ake murɗa shi ba, don a sami inda za a aza kaya ne. Shi ya sa Hausawa suka ce babba juji ne. Shi ya sa kuma suka sa wa girman kai suna rawanin tsiya, domin naɗi ne da ba ya ɗauke wa kowa kome.

Kada a ce mu muka ƙaga wannan fassara. Tarihin ƙasar nan da muke zaune cikinta shi ya koya mana ita. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi abu 5 a maimakonta. Cikinsu akwai cewa a girmama duk mai rawani, akwai a saki waɗanda ke kurkuku, akwai kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Ku duba yadda rawani da kayan talaka suka zo cikin roƙo guda. Shehu da kansa ya rubuta cewa yana da shekara 40 da 'yan watanni aka nuna masa an naɗa masa rawani, an rataya masa takobin gaskiya. Wannan kuwa wajen shekara 10 ne kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Naɗi ya riga, wahala ta biyo. Da Sarkin Gobir Nafata ya tashi karya jama'ar Shehu, cikin dokokin da ya sa aka yi shela har da hana maza naɗa rawani. Nafata ba ƙyalle yake tsoro ba. Ya san abin da mai ƙyallen ya ɗauka.

Ɗan Shehu, Muhammadu Bello, shi ya nuna mana ɗaya fuskar kewayawa. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Da ya ga hare-hare ba su ƙarewa daga arewa da gabas, bai zauna tsakiyar birni ya aika da wasu ba. Wajen 1830 ya gina Wurno ya zagaye ta da ganuwa, ya mai da ita ribaɗi, ya tare a ciki. Kalmar ribaɗi kuwa a Larabci daga ɗaurewa ta fito, watau inda ake ɗaure dawaki ana jiran abokan gaba. Ya kakkafa waɗansu ribaɗoɗin a bakin iyaka, ya zaunar da 'ya'yansa da 'yan'uwansa a cikinsu, ya jawo makiyaya da manoma da masu sana'a su zauna inuwar ganuwa. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji kan asalin siyasa, ya lissafa gina garuruwa masu ganuwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba. Ya fita yaƙin Gawakuke da kansa a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa yana nan har yau. Da Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iso ƙasar nan a 1853, Wurno ce mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello. Rawanin da aka naɗa wa Bello a ka, shi ya warware ya kewaye jama'a da shi.

Ko a zamanin Turawa ma'anar ba ta ɓace ba. Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, malamin makaranta ne sa'ad da aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, sa'an nan aka naɗa shi Sardauna a 1938, shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Duk abin da ake tuna su da shi yau, bayan naɗin suka yi shi, ba gabansa ba.

To, yau fa? Ya ku 'yan'uwa masu karatu, ba sai mun ɓoye muku abin da kuka sani ba. Kewayawar da Bello ya yi don tsaro ta juye ta zama ƙawanya. Ƙauyuka da yawa a gabashin Sakkwato sun kwana sun tashi da 'yan bindiga zagaye da su. A watan Oktoba na 2021 aka faɗa wa kasuwar Goronyo ranar cinta, aka kashe fiye da mutum 40. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan sun riƙe shi makonni. A ƙasar da aka taɓa roƙon sarki ya girmama duk mai rawani, ga mai rawani an ɗaure shi a daji. Uban yaron nan namu, bara sai da suka haɗa kuɗi shi da maƙwabtansa suka biya waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo.

Ba mu ce laifin masu rawani ne su kaɗai ba, domin gaskiya ba ta yarda a faɗi haka ba. Tun da aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, an sauke wa sarakuna mafi yawan kayan, an bar musu gammon. Kayan ya koma kan waɗanda muke zaɓa da ƙuri'a, masu rantsuwa da Alƙur'ani ran kama aiki. To, su ma su sani rantsuwar nan naɗi ce, ko da hula ce a kansu. Abin da ke ba mu tsoro shi ne yadda muka fara mai da naɗi irin ganyen Turawa. Mutum ya yi kuɗi, ko ya sami muƙami, sai ya nemi sarauta ya ɗora bisa, a yi hawa, a ci a sha, a buga hotuna, a watse. Ba a tambayarsa me zai ɗauka, shi ma bai tambaya ba. Mun karɓi ma'anar baƙuwar kalma ba tare da mun taɓa jin kalmar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma ba bangon ƙasa kaɗai ke tsagewa ba, har da na ma'ana.

Amma kada mu zalunci Rumawa, domin cikin tononmu mun tarar da wani abu nasu da ya sa muka yi shiru. Suna da naɗi iri iri, har da na zinariya, amma wanda ya fi duka daraja na ciyawa ne. Wani malaminsu mai suna Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda ake samunsa. In abokan gaba suka yi wa runduna ƙawanya, har ta fid da rai, sa'an nan wani ya zo ya fasa ƙawanyar ya fid da ita, to, mutanen da aka ceta su za su tsuguna su tsinko ciyawar wurin da aka tsare su, su murɗa, su aza masa a ka. Sauran naɗe-naɗe daga sama suke saukowa, manya ke ba na ƙasa. Wannan kaɗai ke hawa daga ƙasa zuwa sama. Ba a sayensa, ba a gadonsa, ba a roƙonsa. Waɗanda suka same shi cikin ɗaruruwan shekaru ana ƙirga su da yatsu.

Mu ma muna da mai kama da shi, a nan kusa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta. Sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta sa musu suna jaji, ta koya musu karatu cikin waƙa, su kuma su koma garuruwansu su koyar, su dawo da ayarin mata masu neman sani, waɗanda ake kira 'Yan Taru. Alamar da take ba jaji ita ce malafa, hular da ake saƙawa don tare rana, a naɗa mata jan rawani a kai. Ba doki, ba algaita, ba gidan sarauta. Tsohuwa ta sa malafarta ta bi hanya da ƙafa, cikin rana, ta ratsa daji da fadama da mata a bayanta. Wannan gammo ne da kayansa, kuma kayan ya isa inda aka aike shi.

Daren kwana na uku muka kira yaro muka ce ya kawo alƙalami. Muka ce, "In ka gamu da kalmar nan a kan jarumi, rubuta kambi. In ka same ta a kabari, ka ce an ajiye furanni, ka kuma san al'adarsu ce, mu addu'a muke kai wa namu. In hazo ne a kan dutse, ka ce hazo ya yi wa dutse rawani, duk Bahaushe zai gani da idonsa. In murmushi ne, kada ka naɗa wa fuska kome, ka ce bakinsa har kunne, ko fuskarsa cike da fara'a. Abu guda muka hana ka. Kada ka fassara ta da naɗin sarauta, domin wancan ana ba wanda ya sauke, wannan ana ba wanda zai ɗauka."

Ya rubuta duka. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Baffa, na ciyawan nan fa, in wani ya fasa ƙawanyar da ke garinmu, wa zai aza masa?"

Kafin mu buɗe baki tsohuwa ta amsa daga bisa tabarma. Ta ce, "Ni da hannuna. Ciyawa dai ba ta ƙare ba fadamar Rima."

Iyakar abin da muka samo ke nan, jama'a. Wanda ke da naɗi a kansa, ko na ƙyalle ne, ko na ƙuri'a, ko na limanci, ko na malanta, ko na maigidanci, ya shafa ya ji ko akwai kaya bisa. Mu kuma talakawa, in an gayyace mu wurin naɗi, mu je mu yi murna, mu ci tuwo, amma kafin mu watse wani ya daure ya yi tambayar tsohuwa. Allah ya ba shugabanninmu wuyan ɗauka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gonarsa lafiya. Amin.